ADASHIN TURAWA

Ina so in yi magana a kan ajiyar kuɗi. Kowa ya san ni a nan Landan, aikin tuƙin bas na ke yi tun da na zo, ban taɓa zama akawu ko ma'aji ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a taronmu na watan jiya, sa'ad da samari biyu suka tashi za su ba hammata iska saboda adashi, har sai da Liman ya shiga tsakani. Ina zaune ina kallo, ban ce uffan ba, domin ni ma akwai abin da na daɗe ina ɓoyewa. Da na koma gida na kwanta sai na ga shirun nan bai dace ba. Wanda ya faɗa rami ya fito, in ya ga ɗan'uwansa ya nufi wurin, wajibi ne ya yi masa magana.

A Zongon Kumasi aka haife ni. Kakana ɗan fataucin goro ne, daga Kano ya taso, ya bi ta Salaga, ya zauna, ya hayayyafa. A gidanmu ban taɓa jin an ambaci banki ba sai in za a yi zancen Turawa. Innata tana adashi da matan layinmu ran Juma'a, kuma akwai mai susu da kan zo kowace safiya da ɗan katinsa, a ba shi abin da ya samu, ya sa alama, ƙarshen wata ya mayar da kuɗin ya riƙe zubin yini ɗaya ladan wahalarsa. Abin da ya ragu kuwa sai a mai da shi zannuwa da kwanuka da 'yan kunne na zinariya. Ina yaro ina ganin wannan kamar rashin wayewa ne, sai da na girma na gane dalili. A watan Nuwamba na 1969 gwamnati ta kafa dokar korar baƙi, aka ba wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mutanen zongo da yawa suka fita da abin da kansu zai iya ɗauka kaɗai. Wanda ya ga wannan da idonsa, ka ce masa ya kai dukiyarsa wani gini ya karɓo takarda, lalle zai dube ka ya yi dariya. Da wannan hali muka taso, da shi kuma muka hau jirgi muka zo Ingila.

Bayan rasuwar Inna, Yayata ce ta riƙe ni. Ita ta riƙa tashi tun kafin kiran assalatu tana dama koko tana suyar ƙosai, da kuɗin nan aka biya mini makaranta, da shi aka cika kuɗin jirgina. Ban taɓa jin ta goranta mini ba. Tun ranar da na karɓi albashina na farko na ƙudura a raina sai na kai ta Makka, amma aure ya zo, 'ya'ya suka zo, haya da haraji suka zo, shekaru suka yi ta wucewa. Da na ga ta haura saba'in, gwiwoyinta sun soma ciwo, sai na ce jinkirin ya isa.

A watan Janairu na 2022 muka ƙulla adashi mu goma sha biyu, duk maza, duk mun san juna tun daga gida. Kowa zai zuba fam 250 a wata, mai kwasa ya ɗauki fam 3,000. Aka yi ƙuri'a, ni na faɗo na goma sha ɗaya, watau Nuwamba. Ban damu ba, na ce daidai ke nan da lokacin biyan kuɗin kujera. Na buga wa Yaya waya na ce mata, "Yaya, ki fara shiri, baɗi in Allah ya yarda kina Arfa." Ta yi ta sa mini albarka har kuɗin wayata suka ƙare. Ashe kafin magariba duk unguwa ta ji, har waɗansu sun fara ce mata Hajiya.

To, kun tuna yadda shekarar nan ta kasance. Kuɗin gas da lantarki suka yi tsalle, abinci ya yi tsada, har a watan Oktoba aka ce tsadar kaya ta ƙaru da 11.1 bisa 100 a kan ta shekarar da ta gabata. Mutum huɗu daga cikinmu, waɗanda duk sun riga sun kwasa, suka daina zubi. Ɗaya aikinsa ya ƙare, ɗaya ya kwanta asibiti, ɗaya mahaifinsa ya rasu ya tafi gida bai komo da wuri ba, na huɗun kuwa wayarsa ce ta daina shiga. Ba na kiran ko ɗaya daga cikinsu ɓarawo, Allah ya sani. Amma ran kwasata fam 2,000 aka miƙo mini. A Disamba kuma na sake zuba nawa 250 domin na ƙarshe ya samu, don ba zan yi wa wani abin da aka yi mini ba. Na zuba 3,000, na karɓi 2,000. Babu takarda, babu sa hannu, babu wurin kai ƙara, ko da ma akwai, wa zai kai ɗan unguwarsu kotu a ƙasar Turawa?

Wayar da na yi wa Yaya bayan wannan ita ce mafi nauyi da na taɓa yi. Na yi ta kewaye-kewaye, ta katse ni ta ce, "Ɗan'uwana, faɗi abin da ke bakinka." Na faɗa. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce, "Wanda Allah ya kira shi ke zuwa. Kada ka sa wa ranka damuwa." Da ma ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Fam 2,000 ɗin nan na bar su a asusun da albashina ke shiga, wanda na ke cefane da shi. Kafin ƙarshen Janairu sai na duba na ga saura 1,700. Ban san ranar da na ci su ba. Nan gudummawar suna, can kuɗin gas, can takalmin yaro. Babbar 'yata ce ta ga takardar a kan tebur, ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, kuɗin nan in suna wurin da hannunka ke kai wa, ba za su ga Makka ba. Gobe ka shirya in raka ka wani wuri." Ta kai ni ɗaya daga cikin jam'iyyun nan na gina gidaje, waɗanda mutanenmu ke kira bildin sosayati. Shekara talatin ina wucewa ta ƙofarsu da bas, ban taɓa leƙawa ba.

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku asalinsu, domin ni da na ji shi na yi mamaki. A shekarar 1775, a garin Birmingham, wani mai gidan giya ana ce da shi Richard Ketley ya tara abokan cinikinsa, suka yarda kowa ya riƙa zuba wani abu kowane wata. In kuɗi sun isa gina gida ɗaya sai a yi ƙuri'a, wanda ya ci a gina masa, a ci gaba da zubi har kowa ya sami nasa, kana a watse. Jama'a, mene ne wannan in ba adashi ba? Daga baya, wajen 1845, aka soma kafa waɗanda ba su watsewa, suna karɓar ajiyar mai ajiya suna ba mai son sayen gida rance. A 1910 sun fi 1,700 a ƙasar nan. Har Ankara abin ya kai, domin a 1956 aka kafa First Ghana Building Society. Yanzu sun haɗe da juna, saura arba'in da 'yan kai, babbarsu ita ce Nationwide.

Bambancinsu da banki shi ne ba su da masu hannun jari. Duk wanda ya yi ajiya ya zama ɗan jam'iyya, kuma galibi in ajiyarsa ta kai fam 100 yana da ƙuri'a ɗaya a taron shekara, daidai da mai dubu ɗari. Amma a lura, akwai waɗanda sunan kawai ya rage. Bayan dokar 1986 waɗansu manya suka rikiɗa suka zama bankuna: Abbey National a 1989, Halifax da Woolwich da Northern Rock a 1997. Waɗanda ke nan a watan Satumba na 2007 sun ga yadda mutane suka yi layi a ƙofar Northern Rock kowa na neman ya kwashe nasa, har a farkon 2008 gwamnati ta karɓe shi.

Abin da 'yata ta buɗe mini shi ne asusun zubin wata-wata. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Ka yi alkawarin zuba wani abu kowane wata har shekara guda, akwai iyakar da ba za ka wuce ba, su kuma su ba ka ruwa da ya fi na sauran asusai. Na sa fam 200, a kan ruwa 6 bisa 100. Ta cika mini takardar umurni ga bankina, ya riƙa tura kuɗin da kansa kashegarin ranar albashi, tun kafin in gan su. Fam 1,700 ɗin nan kuma ta sa aka kulle su a wani asusu dabam. Aka ba ni ɗan littafi, ana buga abin da ya shiga a ciki. Ban ɓoye muku ba, watanni uku na farko na ji jiki, amma daga baya gidan ya saba da abin da ya rage, kamar yadda ya saba da haraji.

Ina zaune da lissafina a kai. Fam 200 sau 12, 2,400 ke nan. 6 bisa 100 na wannan, fam 144. Da shekara ta cika a farkon 2024 na je aka buga littafi, sai na ga fam 78. Raina ya ɓaci. Na ce an cuce ni a adashin gida, yanzu ga na Turawa ma. Na ɗaga murya har na bayana a layi suka fara kallona. Akawun, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta ja ni gefe ta ba ni kujera, ta ɗauki takarda ta ce, "Fam 200 a kan 6 bisa 100 suna kawo fam 12 a shekara, watau fam ɗaya a wata. Zubinka na farko ya zauna wata 12, ya kawo 12. Na biyu wata 11, ya kawo 11. Na ƙarshe wata ɗaya kaɗai ya yi, ya kawo ɗaya. Tara su." Na tara, 12 da 11 da 10 har zuwa 1, suka ba ni 78 cif. Na tuna da 'yan ƙwadago: in ka ɗauki mutum goma sha biyu, wani ya yi maka shekara, wani ya zo saura wata ɗaya a tashi, ai ba za ka biya su daidai ba. Na ba ta haƙuri, na fito da kunya.

Kunya mafi girma tana jirana a gida. Da na ba maiɗakina labari, ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Malam, yanzu a kan kuɗin ruwa ka je ka yi wa 'yar mutane tsawa? Da an ba ka 144 ɗin, da su za ka kai Yaya ɗakin Allah?" Na rasa ta cewa. Gaskiya ita ce tun ranar farko na san abin da a ke kira ruwa, amma lambar nan 6 ta rufe mini ido, na ƙi tambaya domin kada in ji amsar da ba na so.

Ran Juma'a bayan an sallame na tsaya na sami Malam, na karanta masa duka. Ya ce hanin cin riba a fili ya ke a Suratul Baƙara, kuma yawancin malamai suna ganin ruwan da a ke ƙayyade wa mai ajiya yana cikinsa. Ya ce uwar kuɗina halal ce, gumina ne, in ware ta. Fam 78 ɗin kuwa in fitar da su in ba mabukaci, ba da niyyar neman lada ba, kada kuma in sa su a ginin masallaci ko kuɗin Hajji. Ya ƙara da cewa in akwai wurin ajiya da babu ruwa, can ya fi. Haka na yi. Na san akwai 'yan'uwa da ke bin wata fatawa, domin a 2002 majalisar bincike ta Azhar a Masar ta halatta ribar da banki ke ƙayyadewa, ko da ya ke malamai da yawa sun yi mata raddi. Ni ba malami ba ne, ban kuwa zo yin hukunci a kan kowa ba. Abin da na ke roƙo shi ne kowa ya tambayi malaminsa kafin ya buɗe, kada ya yi irin tawa, ya tambaya bayan ya ƙare.

A shekara ta biyu na mai da zubina bankin Musulunci. Akwai irinsu a ƙasar nan, kamar Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da sunan Islamic Bank of Britain, da Gatehouse. Su ba su yi maka alkawarin ruwa, sai dai su faɗi ribar da su ke sa ran samu daga cinikin da shari'a ta yarda da shi. Na sa umurni iri ɗaya, fam 200 kashegarin albashi. Amma na san da yawa daga cikin dattawanmu ba su iya sha'ani da waya, sun fi son wurin da za su shiga da ƙafa su ga mutum, a buga musu littafi, kuma a unguwanni da yawa jam'iyyar gini ce ta rage bayan bankuna sun rufe rassansu. Na kuma san akwai masu irin wannan asusu a cikinmu fiye da yadda a ke faɗi. Saboda haka ga tambayoyin da na koya a yi kafin a sa hannu, ko a jam'iyyar gini ko a bankin Musulunci, duk ɗaya ne.

Ta farko, nawa ne iyakar zubi a wata? Wannan ta fi lambar da suka rubuta da manyan baƙaƙe a taga muhimmanci. Ga hanyar lissafi: ka ɗauki zubin wata, ka fitar da kason da suka faɗa, ka ninka sau shida da rabi. Misali, wata jam'iyya ta ce 8 bisa 100 amma iyakarta fam 50, abin da zai hau a shekara fam 26 ne. Wata ta ce 5 bisa 100 amma ta yarda da fam 300, abin da zai hau fam 97 da rabi. Mai iya zuba 300 in ya bi babbar lamba ya yi hasara. In za ka gwada biyu kuwa, ka dubi lambar da aka rubuta AER a gefenta, ita ce mudu ɗaya da kowa ke awo da shi.

Ta biyu, kason nan tsayayye ne ko mai sauyawa? Babban Bankin Ingila shi ke jan ragamar kowa. A watan Maris na 2020 ya sauke nasa zuwa 0.1 bisa 100, a watan Agusta na 2023 ya kai shi 5.25, daga 2024 kuma ya soma saukewa. In naka mai sauyawa ne, suna iya rage shi a tsakiyar shekara da wasiƙa guda.

Ta uku, in wata ya zo ban iya zubawa ba, me zai faru? Waɗansu ba ruwansu, waɗansu kuwa za su rufe asusun ko su rage abin da suka yi alkawari. Mai aikin da albashinsa ke hawa yana sauka ya nemi wadda ke yarda da tsallake, ko wadda ƙaramin zubinta bai taka kara ya karya ba. Gara ka yi alkawarin 50 ka cika da ka yi na 200 ka karye a wata na huɗu.

Ta huɗu, in buƙata ta taso zan iya cirewa? Mu mutane ne da waya kan zo mana da tsakar dare, a ce wane ya rasu, ko wance tana asibiti. Akwai asusun da ke barin ka cire sau ɗaya ko biyu, akwai wanda sai ka rufe shi gaba ɗaya. Shawarata ita ce a raba biyu: kuɗin ko-ta-kwana a wurin da hannu ke kai wa, kuɗin babban buri a wurin da ke da ƙofa mai nauyi. Ni nauyin ƙofar nan shi ya cece ni.

Ta biyar, wa aka yarda ya buɗe? Waɗansu sai wanda ke da asusun albashi a wurinsu, waɗansu sai tsohon ɗan jam'iyya, waɗansu ƙanana kuma sai mazaunin yankinsu. Ka tambaya tun kafin ka ɓata kuɗin mota. Ka tafi da fasfo da wata takarda mai adireshinka.

Ta shida, ranar da shekara ta cika ina kuɗin za su? Nan ma na yi sakaci. Da yawa sukan juye su cikin wani asusu da ba ya kawo kome, kuma ƙofarsa a buɗe ta ke, umurnin banki kuwa yana iya ci gaba da turawa can. Ni wata biyu na yi ina jan ƙafa kafin in sake ɗaura zubi, kuɗin wata biyun nan kuma ban san inda suka shiga ba. Ka rubuta ranar a kalanda, ka yanke shawara tun saura mako biyu.

Ta bakwai, in su suka karye fa? Akwai hukumar lamuni da a ke kira FSCS, wadda ke biyan mai ajiya in banki ko jam'iyya ta rushe. Daga 2017 iyakar biyan fam 85,000 ce ga kowane mutum a kowane gida mai lasin, a watan Disamba na 2025 aka ɗaga ta zuwa 120,000. Bankunan Musuluncin nan biyu da na ambata suna ciki. Ka nemi alamarta a ƙofa ko a takarda. Adashi ba shi da wannan, lamuninsa amana ce kaɗai da lafiyar mutum goma sha ɗaya.

Akwai waɗansu abubuwa kaɗan da ya kamata a sani. Tun 2016, mai biyan ƙaramin haraji ba a taɓa abin da ajiyarsa ta kawo sai ya wuce fam 1,000 a shekara, mai biyan na sama kuwa fam 500. Mai karɓar taimakon Universal Credit ya sani in ajiyarsa ta wuce fam 6,000 za a soma rage masa, in ta wuce 16,000 a tsayar. Kada ya ɓoye, domin ɓoyewar ta fi ragin tsada. Masu aiki da ke karɓar wannan taimako su tambayi labarin Help to Save, wanda gwamnati ta fito da shi a 2018: a zuba har fam 50 a wata, shekara huɗu, gwamnati ta ƙara rabin abin da aka tara, iyakarsa fam 1,200. Shi ma a tambayi malam. Kada kuma a manta da zakka, in ajiya ta kai nisabi ta shekara, ɗaya cikin arba'in hakkin Allah ne. Abu na ƙarshe, ka gaya wa iyalinka inda littafinka ya ke. Asusun da ya yi shekara 15 ba a taɓa shi ba ana iya mai da shi na barci, ko da ya ke magada suna da ikon nema in sun sani. Amma yaya za su nemi abin da ba su san da shi ba? Mun binne dattawa a nan waɗanda har yau ba a san inda guminsu ya kwana ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na zagi adashi. Adashi shi ya aurar da iyayenmu, shi ya ba da yawa daga cikinmu jarin farko, kuma yana da abin da asusu ba shi da shi, watau mai kwasar farko yakan sami kuɗi tun bai tara ba, ba tare da ruwa ba. Har yanzu ina cikin wani ƙarami na fam 30, domin zumunci. Abin da na daina shi ne ɗora alkawarin da na yi wa wani a kan aljihun mutum goma sha ɗaya. In za ku yi babba, ku rubuta sunaye da ranaku, kowa ya sa hannu, mai kwasar farko ya kawo mai tsaya masa, ku kuma yanke tun farko abin da za a yi in wani ya kwanta ko ya rasu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da mun yi haka a 2022 da ba mu rabu muna sunkuyar da kai in mun gamu a masallaci ba.

Biyu daga cikin huɗun nan sun biya ni nasu, kaɗan-kaɗan, fam 500, ban ko tambaye su ba. Allah ya saka musu. Sauran biyun na yafe. Hajjin 2024 ya wuce kuɗi ba su cika ba, na yi baƙin ciki, sai ga labari zafin rana ya hallaka alhazai fiye da 1,300 a shekarar. Yaya ta ce mini, "Ka gani? Wani jinkirin alheri ne." A farkon 2025 na tara abin da ke hannuna, fam 7,000, na aika aka biya mata kujera da guzuri. Kafin ta karɓa sai da ta tambaye ni, "Ɗan'uwana, kuɗin nan babu ruwa a ciki?" Na ce babu, Yaya, na tace su. Na yi wa Allah godiya da maiɗakina ta yi mini magana tun da wuri, domin Yaya ba mutum ce da a ke yi wa ƙarya ba. A watan Yuni ta tsaya a Arfa. Ta komo lafiya, ta aiko mini da dabino da tasbaha da ɗan zamzam a kwalba, yanzu kuma in an ce Hajiya tana amsawa ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Ku samarin nan biyu, na san ku, na san iyayenku. Ku zo gidana ran Lahadi bayan la'asar mu zauna da takarda da alƙalami mu warware abin da ke tsakaninku, akwai shayi. Duk wanda kuma ke son a raka shi ya buɗe asusu, ko a karanta masa takardar da aka ba shi, ya same ni bayan taro, 'yata ta yarda za ta taimaka. Iyakar abin da zan ce ke nan. Allah ya ba mu na halal, ya sa masa albarka, ya kai waɗanda ba su je ba. Haza wassalam.

Naku,
Wani ɗan Zongon Kumasi, mazaunin Landan.